Ƙuri'ar da Na Yi wa Mutum Biyu Alkawarinta

Yanzu in na zauna gindin bedin bakin tasha a Gazawa, hirar da kunnena ya fi sha ita ce ta zaɓen Najeriya. 'Yan kabu-kabu ne, yaran jiya-jiya, kowa da waya a hannu, suna ta musu a kan ƙasar da ba tasu ba kamar gadon ubansu ake rabo. Wannan ya ce an kawo na'ura mai gane ɗan yatsa, ba sauran maguɗi. Wancan ya ce to ita na'urar wa ya ƙera ta, aljani? Ni dai carbina kawai nake ja, don duk abin da aka ce mini ba a iya cuta da shi, daga nan nake soma zarginsa. Wani lokaci ɗayansu ya juyo ya ce, "Baba, kai da ka yi cin rani can, halan ka taɓa ganin zaɓensu?" Sai in ce na gani, amma daga nesa. Ƙarya nake yi, Allah ya yafe mini. A tsakiyarsa aka ƙirga ni, ni da ko ɗan ƙasar ban zama ba.

A zamanin ƙuruciyarmu, da an ɗaure gero an zuba a rumbu, saurayi ba ya zama gida yana rage wa tsofaffi hatsi. Sai ya naɗe tabarma, ya ƙulla ɗan garin rogo da ƙuli-ƙuli a tsumma, ya bi hanyar daji ya yi kudu, sai kuma hadarin farko ya maido shi. Ba waya, ba wannan kira na safe da yamma da yaran yanzu ke yi, wai ka isa, ka ci abinci. In uwa ta ji labarin ɗanta sau biyu a rani daga bakin 'yan kasuwa, ta gode Allah. Ranar da zan fara tafiya mahaifina bai yi mini wa'azin mata ko na caca ba, na siyasa ya yi mini. Yana da dalili. Wansa ya taɓa yin ƙaurin suna a wata jam'iyya tun kafin a haife ni, da iska ta juya jandarmomi suka zo nemansa har gona, ya gudu, ya mutu a ƙasar mutane ba tare da 'yan'uwansa sun ga kabarinsa ba. Tun daga nan mahaifina ya ɗinke bakinsa. Irin zaɓen da na tashi na gani a garinmu kuwa mai sauƙi ne: a taru a filin lakol, wato makarantar boko, a miƙo maka takardu da ambulan, ka shiga bayan zana kai kaɗai, ka sa wadda ka sa, ka fito ka jefa a akwati. Kowa ya san wadda mai gari yake so a sa, amma ba wanda ya ga hannunka. Mahaifina yakan ce, "Ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Kowa ya tambaye ka, ce mishi to. Bayan zana kai da Ubangijinka ne." Da wannan karatun na tsallaka iyaka.

Garin da na sauka ba babba ba ne, a ƙasar Katsina yake, kuma Hausarsu tamu ce, sai 'yan kalmomin bature da suka bambanta. Wani ɗan kasuwar goro ya ba ni wurin kwana a zaurensa, shi nake kira Maigida. Shi ya ara mini garwa biyu da sanda na shiga ga-ruwa. Yaran yanzu da ke tura jarkoki a kura ba su san wannan aikin ba. Sanda a kafaɗa, garwa gaba garwa baya, igiya tana ƙiƙi-ƙiƙi a kowane taku, ka tsinko ganyen bedi ka ɗora a kan ruwan don kada ya riƙa fantsama. Akwai tafiyar da ake yi, ba gudu ba ba sanɗa ba, wadda in ka kuskure ta sanda ta ci maka wuya. Satin farko kafaɗata ta saɓule, wata na biyu ta yi kanta. Abin da na fi tunawa shi ne ƙarar ruwa in ya faɗa randar da ta kwana ba komai, da yadda ƙarar ke canzawa tana hawa har randa ta cika, ko ba ka duba ba kunnenka ya gaya maka. Ga-ruwa kuma shi kaɗai ne namiji baligi da ke shiga kowane gida da sallama ɗaya. Ana barinsa ne don ba na kowa ba ne, ba ya cikin rigimar kowa, ya zuba ruwa ya fita da idonsa a ƙasa.

Ruwan da nake ɗiba na rijiyar wata tsohuwa ne a ƙarshen unguwa, kowa Inna yake ce mata. Mijinta ne ya haƙa kafin ya rasu, ruwanta garai-garai, ba ɗanɗanon kanwa. Ba kowane ga-ruwa take bari ba. Ta dube ni ranar farko daga sama har ƙasa, ta tambayi garinmu, na ce wajen Gazawa, ta ce, "Af, ɗan Faransa ne." Tsofaffin can haka suke kiran ƙasarmu. Sunan ya bi ni. Kullum da hantsi, in na yi sawu na biyar ko na shida, zan tarar da ƙwaryar fura a rufe da faifai a kan turmi, ta ce, "Ɗan Faransa, zauna ka jiƙa maƙoshi, ruwa ba shi gudu." Da fari ban yarda da furar ba. Na ce a raina tsohuwa ba ta ciyar da ƙato a banza, akwai wata gona da za a sa ni nomewa. Na yi ta jira a faɗi buƙata, ba a faɗa ba. Ranar da zazzaɓi ya kayar da ni, ita ta aiko da jiƙo har zauren Maigida, shi kuwa Maigida sai da ya tambayi wa zai yi aiki da garwansa kafin in tashi.

Ana haka zaɓen kansila ya taso, kuma abin ya faɗo daidai kaina. Ƙanen Maigida ya tsaya takara, ɗan Inna ma ya tsaya, shi kuma malamin makaranta ne mai sanyin magana. Unguwa ta tsage biyu. Mutanen da ban taɓa ganin haƙoransu ba suka soma yi mini dariya, har da "sannu da aiki, ɗan'uwa." Ni kuwa na san ba kyauna ne ya ƙaru ba. Mota mai lasifika tana zagayawa, maroƙa suna zuba kirari, sabulu da gishiri suna shiga gidaje ta ƙofar baya, ni da ke shiga kowane tsakar gida ina ganin ƙullin, ina kawar da kai. A ƙasarmu ban taɓa ganin an zagi babban mutum da rana tsaka an kwana lafiya ba, a can kuwa a bakin masallaci ake tsige shi tas, a tashi a yi salla sahu ɗaya. Abin ya ɗaure mini kai, kuma ban amince da shi ba. Na ce wannan sake da aka yi wa bakuna tarko ne, ana rubuta sunaye a wani wuri. Saboda haka da na ji an soma zancen zaɓe sai in saɓi sandata in yi gaba. Tun kafin wannan, wata safiya Maigida ya ja ni gaban wani malami mai babban littafi. Aka tambayi garinmu, kafin in buɗe baki Maigida ya ambaci wani ƙauye na kusa da su. Aka rubuta, aka miƙo mini katin zaɓe. Na karɓa, na soke shi cikin hula.

Saura kwana kaɗan Maigida ya kira ni yana warware huhun goro. Ya zaɓi fari babba ya miƙo mini, abin da bai taɓa yi ba.

"Ka san dai inda ƙuri'arka za ta."

Na ce, "To, Maigida."

"To ɗin nan ta fito da ƙarfi mana."

Na ce, "To!"

Washegari Inna ta jira har na shanye fura, tana tsince wake a faifai, ba ta ko dube ni ba ta ce, "Na ji an yi maka kati. Ban tambayi yadda aka yi ba. Ɗana na cikin abin ga, ka sani. Ban tilasta ka ba, kai baƙo ne, kana da inda kake kwana. In ba ka iyawa, hwaɗa mini, ba komi."

Da na bi karatun mahaifina sak, da "to" kawai na ce. Amma zuciyata ta riga bakina. Na dafa ƙirji na ce, "Haba Inna, ko ba ki ce ba. Ƙuri'ata ta ɗanki ce, Allah shi ne shaida." Kuma har ga Allah gaskiya na faɗa. Na riga na tsara abina: Maigida ya sha "to", Inna ta sha ƙuri'a, zana ta rufa mini asiri. Har daɗi nake ji, ina ganin na fi mutanen garin wayo, su da ke tallar zuciyarsu a kasuwa.

Akwai wani ga-ruwa ɗan ƙasarmu, mutumin Cadawa, da ya girme ni, ya yi rani da yawa a garin. Ana saura kwana biyu na gan shi yana ɗaure kaya, ya ce zai leƙa gida ya dawo. Na ce a tsakiyar rani, ruwa na tsada? Ya dube ni ya ce, "Kai, yaro, ka kuwa tambayi yadda za su yi zaɓen ga nasu na bana?" Na ce zaɓe ai zaɓe ne, na ga an yi a garinmu. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ga Maigida ya fito daga cikin gida, ya haɗiye, ya ce Allah ya kiyaye, ya tafi. Ni kuma na bi shi da zato, na ce wataƙila wani abin kunya ya yi a gidan mutane yake gudu.

Ranar zaɓe muka ɗunguma filin makaranta da safe. Aka duba katuna, aka ce kowa ya jira. Ina tsaye ina ta raba ido ina neman zana, ban gani ba. Na ce ko a cikin aji za a yi, na leƙa, azuzuwa a kulle. Akwati ma ban ga alamarsa ba. Can rana ta ɗaga sai aka kafa sanduna biyu a tsakiyar fili, aka maƙala hoto a kan kowace. Wani ma'aikaci ya ɗaga murya ya ce kowa ya je ya tsaya bayan hoton wanda yake so, maza layinsu, mata layinsu, za a ƙirga. Na ɗauka ban ji daidai ba. Amma fili ya motsa, mutane suna ratsa juna, wa yana nufar gabas ƙane yana nufar yamma, suruki yana kallon surukinsa ido cikin ido. Na soma ja da baya a hankali wajen katanga, sai na ji an damƙe mini hannu.

"Ina za ka? Yaka nan."

"Maigida, ina akwatin? Ina inda ake shiga?"

Ya yi dariya. "Wane akwati? Nan ba Faransa ba ce. Bana kai ake ƙirgawa." Sannan ya rage murya, bai saki hannuna ba, ya ce, "Ka dai san wanda ya yi maka katin da ke cikin hularka, ka kuma san abin da ake yi ma baƙon da aka kama da shi."

Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Tabarmata tana zaurensa, garwan nasa ne, asirina yana hannunsa. Ban yi gardama ba, ba zan yi wa kaina ƙaryar jarumta da furfura a kaina ba. Na bi shi kamar akuyar da za a kai kasuwa, na tsaya bayan hoton ƙanensa. Layin matan ɗaya ɓangaren bai fi tsawon igiyar guga daga inda nake ba, kuma Inna ce a gaba-gaba, da farin mayafinta. Na sunkuyar da kai, amma ido ba ya jin magana. Muka haɗa ido. Ba harara ta yi mini ba, kallo ne na wanda ke son ya tabbatar ganinsa bai yaudare shi ba. Wata mata a gefenta ta ɗaga hannu ta nuna ni tana magana da zafi, Inna ta kama hannun ta sauke shi. Ni kuwa nan take na fassara abin: wato bari shi tukuna, ranarsa na zuwa. Mai ƙirga ya biyo layi yana dafa kafaɗu, yana faɗin lamba da ƙarfi, jama'a suna maimaitawa. Ya dafa tawa ya wuce, ko fuskata bai duba ba.

Ƙanen Maigida ya ci. Aka kwana biyu ana kiɗa, aka dafa shinkafa a manyan tukwane. Rijiyar Inna kuwa ban ko bi ta hanyarta ba. Na koma ɗiba a wata rijiya can bayan gari, mai nisa, ruwanta ja-ja, mata suna ta mita wai tuwonsu ya canza launi. A kwana na uku magana ta fito: mutanen ɗan Inna sun kai ƙara cewa an cusa baƙin haure a layi, kuma ma'aikata za su zo bincike. Gidajen da nake shiga da sallama ɗaya suka soma ce mini randa a cike take. Da yamma Maigida ya kira ni gefe, fuskarsa ba goro ba dariya. Ya karɓi katin ya jefa a wutar mai shayi, muna kallo ya ƙone. Ya ce, "In an tambaye ka, ni garwa kawai na ara maka. Wanda ya kai ka layi, kai ka san shi." A nan na gane mutumin da na sayar da maganata don in tsira da inuwarsa ba shi da inuwar da zai ba ni.

Washegari ina juye ruwa a gidan wata maƙwabciyar Inna, matar ta matso ta ce a hankali, "Inna ta ce in hwaɗa maka, gobe da hantsi ka zo da garwanka, kada ka makara. Kada kuma ka hwaɗa ma kowa." Gobe kuwa ita ce ranar da aka ce ma'aikatan za su zo. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Na ce shi ke nan, an gama ƙulla mini. Wa ya fi ta sanin garinmu? Wa zai fi amfana in an kama ni, in ba ɗanta ba? Ga dalilin kallon, ga dalilin sauke hannun matar nan, har furar ma na koma na sake yi mata lissafi. Ana idar da sallar asuba na jingine sanda da garwan a zaure, na ɗauki tabarmata, na bi hanyar daji na yi arewa, ina kauce wa duk inda na hango mai kaki. Kafin magariba ina gida. Na kwashe labari na gaya wa mahaifina, ya jinjina kai ya ce, "Ka yi dabara. Da ka tsaya, da yanzu wani zance ake yi." Na yi damina guda ina ɗaukar kaina mai wayo wanda ya tsallake rami.

Bayan kaka na kai wake kasuwar Cadawa, sai ga ga-ruwan nan da ya gudu kafin zaɓe, yana cinikin igiya. Ashe ya koma garin kwana kaɗan bayan tafiyata. Muka gaisa, na soma ba shi labarin yadda na sha da ƙyar, ina dariya. Bai yi dariya ba.

"Tarko? Kai dai Allah shi shirye ka. Ma'aikata sun zo, gaskiya ne. Ɗanta da kanshi ya kai su gidan, don ta hwaɗi garin yaron da ke ɗiba a rijiyarta. Maganarta ɗaya ta isa a sake duba zaɓen. Ta ce ita ba ta san wani baƙo ba, wanda ke ɗiba nan ɗan ƙanwarta ne. Ɗan nata har hawaye ya yi don takaici, ta ce ya yi haƙuri, ba ta sayen kujera da ɗan mutane."

Na ce, "To kiran da ta yi mini fa?"

"Don su iske ka cikin gidanta kana zuba ruwa awa ɗan gida, ba a zauren wanda ya riga ya tsame hannunshi ba. Ta dama hura ta rufe, tana ta leƙen ƙofa har azahar." Ya naɗe igiyarsa, sannan ya ce, "Ta ba ni saƙo in na gan ka. Ta ce in ce ma ɗan Faransa, layi ba komi ba ne, ta ga hannun da ke riƙe da shi. Amma wata huɗu yana shan ruwanta, har ya zaci ita za ta miƙa shi?"

Ban iya cinikin waken ba ranar, na bar wa wani ya sayar mini. Na ce zan je in durƙusa gabanta da an gama sussuka. Aka gama, na ce bari salla ta wuce. Salla ta wuce, na ce me zan ce mata, da wane ido, kuma wa ya sani ko ɗan nata yana nan yana jirana. Cin ranin da na yi bayan nan duk gabas na riƙa yi, ban sake bin waccan hanya ba. A rani na uku wani mai jaki ya gaya mini ta rasu, an yi sadakar arba'in. Tsakanin ƙofar gidanmu da bakin rijiyarta tafiyar yini guda ce a ƙasa, kuma a shekarun nan uku ko ƙaya ba ta taɓa soke mini ƙafa ba.